Zane a Matsayin Shaida: Me Tsofaffin Hotunan Fenti Ke Faɗa Kan Narkewar Ƙanƙarar Tsaunuka?

Shin hoton da mutum ya zana da hannunsa shekara 200 da suka wuce zai iya zama hujjar cewa duniya tana ɗumama? Tambayar ta taso ne a majalisar da muke zama bayan la'asar a nan Jos, ranar da wani matashi ya miƙa wayarsa ta riƙa yawo daga hannu zuwa hannu. Hotuna biyu ne a jere. Na hagu zanen fenti ne: wani kwari a ƙasar Suwizalan, ƙanƙara ta gangaro daga tsakanin tsaunuka fara fat, ta zo ta tsaya daf da gonaki da gidajen katako. Na dama hoton kyamara ne na wurin a wannan zamani. Tsaunukan na nan yadda mai zanen ya bar su, amma inda ƙanƙarar take babu komai sai tsakuwa da baƙin dutse.

Nan take majalisa ta rabu uku. Wani ya ce mai zane ai abin da ransa ya raya masa yake zanawa, ba a kafa hujja da shi. Wani ya ce aikin kwamfuta ne irin na yanzu. Wani dattijo kuma ya ce, "To ko da gaskiya ne, ɗana, ina ruwan wanda tsadar taki ta hana shi barci da ƙanƙarar Turawa?" Kowace magana a cikin ukun tana da abin dubawa, amma ta dattijon ta fi nauyi, don haka ita zan bari a ƙarshe.

Wace ƙanƙara ake nufi?

Rabin ruɗanin daga harshe yake. Da kalma ɗaya muke kiran wadda ke zubowa da ruwan farkon damina tana dukan kwano tana yayyaga ganyen masara, da wadda ake sayarwa a cikin leda lokacin azumi. Larabci ya raba su, shi ya sa a addu'ar da ake yi wa mamaci ake roƙon Allah Ya wanke shi da ruwa da *salji* da *baradu*. Baradu shi ne ƙanƙarar da muka sani. Salji kuwa shi ne dusar ƙanƙara, mai saukowa a hankali kamar auduga.

A kan tsaunuka masu tsayi ƙwarai, dusar da ta sauka bana ba ta gama narkewa kafin ta baɗi ta hau kanta. Shekara bisa shekara nauyi yana danne ta ƙasa har ta dunƙule ta zama ƙanƙara mai tauri, kaurinta a wasu wurare ya kai ɗaruruwan mitoci. Da ta yi nauyi sai ta fara gangarowa cikin kwari, a hankalin da ido ba ya gani. Wannan shi ne abin da zan riƙa kira kogin ƙanƙara, bakinsa na ƙasa kuma harshe.

A ɗauke shi kamar rumbu. Da sanyi ana zubawa daga sama, da zafi ana ɗiba daga ƙasa. In zubi ya fi ɗiba, harshen ya ƙara tsawo. In ɗiba ta fi zubi, ya ja da baya. Zafin rana ɗaya ko sanyin shekara ɗaya ba ya motsa shi sosai, sai abin da ya taru na shekaru masu yawa. Dalilin da ya sa masana ke dogara da shi ke nan wajen bambance yanayin yau da gobe, wanda ke canzawa tsakanin safe da yamma, da yanayin wuri na dogon zamani, wanda ake aunawa da shekara 30 ko fiye.

Zanen shimfiɗar ƙasa kuwa shi ne wanda jigonsa wurin ne kansa: dutse, kogi, itatuwa, gajimare. Mai karatu da ke da ɗari-ɗari da batun zane ya tuna cewa ya zo a Bukhari da Muslim, Abdullahi ɗan Abbas ya ce wa wani mai sana'ar zane, in ya zama dole sai ya yi, to ya zana itatuwa da abin da ba shi da rai. Irin wannan zanen muke magana a kai.

Yadda aka mai da zane ma'auni

Kyamara ba ta fito fili ba sai 1839. Auna kogunan ƙanƙara a tsare kuwa sai a ƙarshen ƙarni na 19 aka fara, kuma a 1894 aka kafa hukumar ƙasa da ƙasa mai bibiyar su. Duk wanda ke son sanin inda ƙanƙarar take kafin nan, dole ya nemi wasu shaidu. A nan ne masu zane suka shigo.

Tsakanin 1774 da 1778, wani mai zane ɗan Suwizalan, Caspar Wolf, ya yi ta hawa tsaunukan Alps bisa kwangilar wani mai buga littattafai a birnin Bern. Ba a ɗaki yake zama ya ƙirƙiro tsauni ba. Yana ɗaukar fentinsa da kwalinsa ya je gaban ƙanƙarar ya zauna, ya kuma sa 'yan ƙananan mutane a gefe don mai kallo ya gane girman abin. Bayansa da kusan shekara 50 aka sami Samuel Birmann, mutumin Basel, wanda ya zana kogunan ƙanƙara a shekarun 1820 da irin ƙwanƙwancewar da har kowace tsaga da kowane ƙaton dutse ana iya gane su a yau.

Wani masanin labarin ƙasa na Jami'ar Bern, Heinz Zumbühl, shi ya shafe shekaru yana tattara irin waɗannan hotuna, ɗaruruwa, na kogin ƙanƙarar Grindelwald na ƙasa. Hanyar aikin ta burge ni saboda sauƙinta. Ƙanƙara tana motsi, amma ƙoƙuwar tsauni ba ta motsi. Sai a ɗauki kwafin zanen a shiga kwarin, a yi ta matsawa gaba da baya, hagu da dama, har a sami wurin da kololuwa biyu ko uku suka daidaita da yadda suke a takarda. Nan ne mai zanen ya tsaya. Daga nan ana iya sa alama a taswira a ce, a shekara kaza harshen ƙanƙara a nan ya tsaya. In aka yi haka da zane goma, ashirin, ɗari, kowane da shekararsa, sai tarihin tafiyar ƙanƙarar ya fito, gaba da baya.

Ba a kuma tsayawa a kan zane kaɗai. Kogin ƙanƙara yana ture tsakuwa da duwatsu a gabansa kamar katafila, in ya janye sai ya bar su a tsibe, su zama iyakar inda ya taɓa kaiwa. Ana ƙirga zoben cikin itatuwan da suka tsiro a wurin bayan janyewarsa. Ana duba tsofaffin takardun ƙauyuka, inda manoma suka kai kuka cewa ƙanƙara ta cinye musu makiyaya. Sai waɗannan sun gaskata juna ake karɓa. Duk wanda ya taɓa zama a kotun alƙali ana shari'ar gona ya san wannan tsari: a saurari shaida, a tambaye shi, sannan a je a ga iyaka da ido.

Abin da aka gano shi ne, a tsakiyar ƙarni na 19 ƙanƙarar Grindelwald ta sauko har cikin kwarin da mutane ke zaune. Yau ta ja baya fiye da kilomita biyu, ta shige cikin kwazazzabo. A Faransa akwai wani da ake kira Mer de Glace, wato tekun ƙanƙara, wanda Turner, shahararren mai zanen Ingila, ya zana bayan ziyararsa ta 1802. Zuwa farkon shekarun 2020 sai da ta kai masu yawon buɗe ido na sauka matakala fiye da 500 kafin su taɓa ƙanƙarar, suna wuce alluna da aka manna a jikin dutse, kowane ɗauke da shekarar da ƙanƙara take a daidai wurin.

Sararin sama da bakin ruwa

Ba ƙanƙara kaɗai zane ke adanawa ba. A 1815 dutsen Tambora na Indonesiya ya yi aman wuta, toka da hayaƙi suka bazu a sararin duniya, har Turai ta ga shekarar da ba ta yi bazara ba a 1816. Wani masani ɗan Girka, Christos Zerefos, da abokan aikinsa sun auna yawan ja da kore a ɗaruruwan zanen faɗuwar rana, suka ga cewa ja yana ƙaruwa a zanen da aka yi cikin shekarun da suka biyo bayan manyan aman wuta. Masu zanen ba su san dalili ba, abin da idonsu ya gani suka shafa. Mu da muka san yadda rana ke komawa kamar faifan tagulla a cikin ƙurar hunturu ba ma buƙatar dogon bayani a nan.

A Venis ta Italiya, birnin da ke zaune cikin ruwa, wani mai zane, Canaletto, ya zana gidaje a ƙarni na 18 har da koren layin gansakuka da ruwa ke bari a jikin bango. Wani masani ɗan Italiya, Dario Camuffo, ya gwada tsayin layin a zanen da inda yake a yau, ya sami bambancin kusan santimita 60. Wani ɓangare na wannan tashin teku ne, wani kuma nutsewar da ƙasar birnin ke yi.

Inda shaidar ke da rauni

Mutumin farko a majalisarmu bai yi kuskure gaba ɗaya ba. Akwai masu zanen da ke ƙara wa tsauni tsayi, su matso da abin da ke nesa, don hoton ya razana mai kallo. Akwai waɗanda ba su taɓa zuwa wurin ba, daga zanen wani suka kwafa, suka sa sabuwar shekara. Fenti kansa yana koɗewa, man da ake shafawa a kansa yana komawa rawaya. Ga kuma kasuwa: yawan zanen hunturu da aka yi a Holan a ƙarni na 17 yana nuna sanyin zamanin, amma yana kuma nuna abin da masu kuɗi ke so su rataya a bango.

Misali mafi kyau shi ne kogin Thames na Landan. Akwai zane da yawa na mutane suna cin kasuwa a kan daskararren kogin, na ƙarshe a 1814. Ana yawan yaɗa su a ce, ga shi da yana daskarewa, yanzu ya daina. Sanyi na da hannu, amma tsohuwar gadar Landan mai ƙafafu da yawa tana tare ruwan ta rage masa gudu. Da aka rushe ta a farkon shekarun 1830, ruwa ya sami hanya. Wanda ya ɗauki wannan zane shi kaɗai ya ce ya gama hujja, ya yi gaggawa.

Don haka hotuna biyu a waya ba sa wadatarwa, musamman yanzu da kwamfuta ke iya ƙera abin da ba a taɓa yi ba. A tambayi sunan mai zanen, da shekarar, da gidan adana kayan tarihin da zanen yake. Na gaskiya yana da waɗannan duka.

To wa ya narkar da ita?

Masu musun sauyin yanayi sukan ce, waɗannan zane-zane an yi su ne a ƙarshen wani zamanin sanyi na ɗabi'a, wanda ya ɗauki ƙarnuka ya ƙare wajen 1850, kuma ƙanƙara ta fara janyewa tun kafin mota ta cika duniya. Wannan gaskiya ne. Zanen Wolf da na Birmann suna nuna ƙanƙara a lokacin ƙoshinta.

Sai dai labarin bai tsaya nan ba. Bayan janyewar farko, wasu kogunan ƙanƙarar Alps sun ɗan sake matsowa a shekarun 1920 da na 1970. Daga shekarun 1980 ne abin ya zama gudu ba waiwaye. Ƙanƙarar Suwizalan ta rasa rabin jikinta tsakanin 1931 da 2016, sannan a 2022 da 2023 kaɗai ta rasa kashi 10 cikin 100 na abin da ya rage. A 1991 narkewa ta tono gawar wani mutum a kan iyakar Italiya da Ostiriya, wanda ƙanƙara ta rufe shi sama da shekara 5,000. Zane ba ya iya faɗin dalili. Wannan aikin ma'aunai ne, kuma sun nuna cewa iskar kabon da ke sararin sama ta tashi daga kimanin 280 cikin miliyan kafin zamanin masana'antu zuwa sama da 420 a yau, saboda ƙona kwal da fetur da gas da sare dazuzzuka. Ita ce ke riƙe zafi kamar bargo.

Wani labari ya fi mini duk lissafin nan taɓa zuciya. A 1678 mutanen ƙauyen Fiesch na Suwizalan, kusa da babban kogin ƙanƙarar Aletsch, sun yi alwashin fita addu'a kowace shekara don Allah Ya tsayar da ƙanƙarar da ke barazana ga rayuwarsu. Sun yi fiye da shekara 300 a kan haka. A 2010 Fafaroma ya amince da roƙonsu na su juya addu'ar, yanzu suna roƙon kada ta ƙare. Al'ummar da ta san fita roƙon ruwa za ta fahimci halin da suke ciki.

Afirka ma tana da tata

Ba ta Turawa ce kaɗai ba. Akwai ƙanƙara a kan Kilimanjaro na Tanzaniya mai tsayin mita 5,895, da Dutsen Kenya, da tsaunukan Ruwenzori tsakanin Yuganda da Kwango. Lokacin da wani ɗan mishan Bajamushe, Johannes Rebmann, ya ba da labarin ya ga farin abu a kan Kilimanjaro a 1848, wasu masana a Landan sun ƙaryata shi, sai da wasu suka je suka gani. Tsakanin 1912 da 2007 dutsen ya rasa kusan kashi 85 cikin 100 na ƙanƙararsa, kuma masana sun nuna cewa a can raguwar danshi da saukar dusa na da babban hannu, ba zafi kaɗai ba. Hukumar kula da yanayi ta duniya ta yi gargaɗin cewa in aka ci gaba a haka, ƙanƙarar tsaunukan Afirka za ta iya ƙarewa a shekarun 2040. Amma a zanen da ake sayar wa baƙi, har yanzu ana yi wa Kilimanjaro cikakkiyar farar hula, don ita mai saye ke nema.

Masu zanen yau

Na da sun ba da shaida ba tare da niyya ba, na yanzu da niyya suke yi. Ba'amurkiya Zaria Forman tana zana ƙanƙarar Girinlan da Antatika da yatsunta, manya-manya kamar bango. Jill Pelto kuwa layin ƙididdiga take ɗauka, na raguwar ƙanƙara ko tashin teku, ta mai da shi gefen tsauni a cikin zanen. Masu suka na cewa kyawun hoton yana lulluɓe munin abin. A ganina, mutumin da ba zai taɓa buɗe rahoto mai shafi dubu ba yana iya tsayawa minti biyar gaban hoto, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Ina ruwan mutumin Jos?

Gaskiyar da ya kamata a faɗa wa dattijon nan ita ce, ba ƙanƙara ke ba kogunanmu ruwa ba. Kwara daga tuddan Gini take, Binuwai daga na Kamaru, kogin Kaduna da Gongola kuma daga nan saman Filato suke tasowa, duk ruwan sama ne. Ba kamar Indiya da Pakistan ba, inda ɗaruruwan miliyoyin mutane ke dogaro da kogunan da ke gangarowa daga Himalaya. Amma ruwan da ya narke teku yake tafiya, kuma teku ya tashi kusan santimita 20 daga 1901, abin da mutanen Ayetoro a Ondo da na gaɓar Legas ke gani a ƙofar gida. Sannan zafin da ke cin ƙanƙara shi ne dai ke rikita damina: ruwa ya makara, ya ɗauke a tsakiya, ko ya zubo na sati a dare ɗaya. Manomin dankalin Turawa a Bokkos da Mangu, wanda amfaninsa sanyi yake so, ba ya nesa da wannan magana, duk da cewa Afirka gaba ɗaya ba ta fitar da ko kashi 4 cikin 100 na hayaƙin.

A ranar 28 ga Mayun 2025 ƙanƙara da duwatsu suka binne ƙauyen Blatten a Suwizalan. An riga an kwashe mazaunansa kusan 300 kwanaki kafin nan, saboda ana sa ido a kan dutsen. Washegari ambaliya ta afka wa Mokwa a Jihar Neja, ta ci sama da mutum 150. Mu ma a nan ba mu manta da Yulin 2012 ba, da ruwa ya bi ta Rikkos da Gangare. Wurin da aka san yadda yake jiya, an fi saurin gane in ya canza yau.

Kowa a garin nan yana cewa sanyin Jos ba kamar da ba. Tsofaffi na ba da labarin lokacin da man gyaɗa ke daskarewa a kwalba, yara na tafiya makaranta baki na hayaƙi. Wannan ma shaida ce, kuma ita ma sai an tambaye ta, domin kwano da kwalta da sare itatuwa suna ƙara wa gari zafi ko da duniya ba ta ɗumama ba. Da me za mu gwada? Kano ta yi sa'a, tana da hoton da aka buga daga zanen matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth na birnin daga kan Dala a 1851, wanda ke nuna filaye da kududdufai a cikin ganuwa. Mu kuwa ƙasarmu ta canza fuska a idon kakanninmu, tun da kamfanonin Turawa suka fara haƙar kuza a farkon ƙarni na 20, amma shiga shagon aski ko gidan abinci a Terminus ka duba bango. Hoton tsaunin wata ƙasa za ka gani da ƙanƙara a kansa, ba Shere ba, ba Dutsen Wase ba.

Akwai wani mai zane da ke jingina kayansa a bakin titi, kusa da gidan adana kayan tarihi. Duk zanensa ƙauye ɗaya ne: bukkoki uku, giginya, jar rana. Na tambaye shi wane gari ne, ya ce, "Malam, ba gari ba ne, shi ake saye. Wa zai ba ni kuɗi a kan kududdufin kuza?" Na ce ni zan saya, da sharaɗin ya je ya tsaya a wuri ɗaya ya zana abin da ke gabansa kawai, ya rubuta rana da wurin a baya.

Bayan sati biyu ya kawo. Tsaunukan Shere ne daga hanyar Lamingo, a tsakiyar rani. Akwai layin itatuwan turare, uku daga ciki kututture ne. Akwai ragowar shingen ƙerana da ya tsaya a jikin sabuwar katangar bulo, da kwazazzabo ja da ya ci gefen wata gona, da kwanon gidaje da suka fara hawa ƙafar dutsen. Ya ce da farko ya so ya cire tankin ruwa da turakun lantarki don sun ɓata masa hoto, sai ya tuna da sharaɗin ya bar su. A bayan allon ya rubuta ranar, da cewa ya tsaya ne a kan wani faffaɗan dutse mai tsaga biyu, yana fuskantar gabas.